ZAMAN BARE A TITIN BIRNI: ZANE-ZANEN ZAMANI DA ƊAN CIN RANIN ƘASAR KABO

Gabatarwa

Ba kasafai ɗalibin Hausa kan ɗauki zanen fenti a matsayin abin nazari ba. Idan aka ce adabi, hankalinsa yakan tafi ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Idan kuwa aka ce fasahar hannu, sai ya tuna da ɗinkin aska takwas, da zanen ƙwarya, da dagin da magina ke yi a goshin zaure. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin fasahar Bahaushe ta daɗe da karkata ga zayyana, ta kauce wa surar mai rai saboda tsantsenin addini. Duk da haka akwai wani jigo da masu zane na Turai da Amurka suka shafe wajen shekara 70 suna jujjuya shi, wanda kuma ya shafi duk saurayin da ya taɓa ɗaure ƙunshinsa a Kabo ko Garo ko Getso ya shiga motar Kano bayan an gama kaka. Jigon shi ne halin da mutum kan sami kansa a ciki yayin da yake tafe a titin birni, jama'a ta kewaye shi ta ko'ina, amma babu wanda ya san da shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba kaɗan daga cikin waɗannan zane-zane, a ga dabarun da masu su suka bi wajen bayyana wannan hali, sa'an nan a auna su da rayuwar ɗan cin rani na yammacin Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, cutar ɗaya ce, amma ba a gaɓa ɗaya take kama Bature da Bahaushe ba.

Kafin a shiga ciki ya kamata a daidaita kan sunan abin. Kaɗaici bai dace ba, domin makiyayin da ke daji shi kaɗai da shanunsa yana cikin kaɗaici, alhali ya san da magariba akwai masu jiransa a ruga. Baƙunci ma bai dace ba, saboda baƙo a wurin Bahaushe mai haƙƙi ne: ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi mutanen gida, har ma ana cewa baƙonka annabinka. Kalmar da ta fi kusa ita ce bare, watau wanda ba a shawara da shi, ba a ajiye masa rabo, in kuma ba ya nan ba a cigiyarsa. Saboda haka a nan za a riƙa kiran wannan hali zaman bare.

Titin Turai a kan ƙyallen zane

Abu biyu ne suka haɗu suka haifi sabon salon zane a Turai. Na farko, na'urar ɗaukar hoto ta bayyana a 1839, ta karɓe wa masu zane aikin fitar da kamannin abu daidai wa daida. Da suka ga haka sai da yawansu suka koma ga abin da na'ura ba ta iyawa, watau nuna yadda abu yake a zuciyar mai kallo. Na biyu, birane sun kumbura cikin ɗan lokaci saboda masana'antu da jirgin ƙasa. Tsakanin 1853 da 1870 wani jami'i mai suna Haussmann ya rushe tsofaffin lungunan Faris, ya shimfiɗa manyan tituna miƙaƙƙu, talakawan da ke zaune a lungunan kuwa da yawa suka koma bayan gari.

Ɗaya daga cikin waɗannan sababbin tituna Gustave Caillebotte ya zana a 1877, a zanensa na titin Faris ranar da ake ruwa, wanda yanzu yake ajiye a birnin Shikago. Titi ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da duwatsu, mutane na tafe kowa da lemarsa. Babu tashin hankali a cikinsa ko kaɗan. Sai mai kallo ya daɗe yana dubawa sa'an nan zai lura cewa babu mutum biyu da idonsu ya haɗu. Ko mata da mijin da ke gaba, hannunta cikin nasa, wani wuri daban suke kallo. Kowace lema ta zama ɗan ɗaki mai tafiya.

Shekara 15 bayan haka, a 1892, Edvard Munch na ƙasar Norwe ya zana babban titin birninsu, wanda a lokacin ake kira Kristiania, yau kuma Oslo. A nan lamarin ya fito fili. Taron mutane ne ke tunkarar mai kallo da almuru, maza da dogayen huluna baƙaƙe, fuskokinsu fari fat kamar ƙoƙon kan gawa, idanu a zazzare ba sa kallon komai. Can gefe, a tsakiyar titi, ga wani mutum shi kaɗai ya ba da baya, yana tafiya inda taron ya fito. Munch bai damu da ya fitar da hanci da baki yadda suke ba. Ya rage fuskar har ta zama alama kawai, domin haka fuska take zama a wurin wanda ke ganin dubunta a yini ba tare da ya san ko ɗaya ba.

Wanda ya fi kowa naci a kan wannan jigo shi ne Bajamushen nan Ernst Ludwig Kirchner, saboda haka za a ɗan daɗe a kansa. An haife shi a 1880. A 1905 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu zane a Dresden, suka raɗa mata suna da kalmar Jamusanci mai ma'anar gada. A 1911 ya koma Barlin, birnin da mutanensa ba su wuce wajen 800,000 ba a 1871, amma kafin 1905 ta fita sun haura miliyan 2, yawancin ƙarin kuwa baƙi ne daga ƙauyuka. Tsakanin 1913 da 1915 ya yi jerin zane-zane a kan titunan birnin, kuma kusan dukkansu karuwai ne a tsakiyarsu.

A zanen da ya kira titin Barlin, na 1913, mata biyu ne ke tafe cikin dogayen riguna masu gashin dabba a wuya da huluna masu gashin tsuntsu. Maza cikin baƙaƙen kwat sun kewaye su, ɗaya ya sunkuya yana leƙen kayan da ke bayan gilashin kanti. Ƙasan titin ruwan hoda ce, launin da babu titin da yake da shi, kuma ta karkace kamar za ta zubo da mutanen a kan mai kallo. Jikkuna sun miƙe sun yi tsini, fuskoki kamar an sassaƙa su da gizago, shafin buroshin kuma gajeru ne masu kaifi, an yi su cikin gaggawa. Mazan da ke baya duk kama ɗaya gare su, kamar an buga su da hatimi guda. Dabarar da ta fi ƙarfi a nan ita ce ajiye mai leƙen kanti dab da matan. Kayan cikin gilashi na sayarwa ne, matan ma haka, ido ɗaya ake kallon su da shi.

A 1914 ya zana dandalin Potsdam, mahaɗar tituna da ta fi ko'ina cunkoso a Barlin. Zanen babba ne, tsawonsa mita 2. Mata biyu ne tsaye a kan wani ɗan tsibirin dutse da ke tsakiyar titi, sun kusa cika shi, ɗaya ta rufe fuska da baƙin mayafin takaba, ga shi kuwa a shekarar ne aka fara Yaƙin Duniya na Farko. Titin kore ne kamar ruwan kududdufi, tashar jirgin ƙasa ja tana bayansu, maza ƙanana suna ta buɗa ƙafa za su tsallako. Matan biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, amma kowace ta juya fuska nata wajen. A shekara ta gaba aka ɗauki Kirchner aikin soja, hankalinsa ya gigice, aka sallame shi, daga baya ya koma tsaunukan Siwizalan. A 1937 gwamnatin Hitila ta kwashe zane-zanensa fiye da 600 daga gidajen ajiya, ta baje wasu a birnin Munich don a yi musu dariya a matsayin lalatacciyar fasaha. A 1938 ya kashe kansa.

Wani masanin zaman jama'a, Georg Simmel, ya riga ya yi bayanin abin da Kirchner ya zana, a wata maƙala ta 1903 a kan babban birni da tunanin mazauninsa. A ganinsa, abubuwan da ke faɗa wa idon ɗan birni da kunnensa sun yi yawan da in ya ce zai kula da kowanne sai ya zautu, don haka yakan toshe zuciyarsa da halin ko-in-kula domin ya tsira. Ya ƙara da cewa kuɗi su ne ke ƙarasa aikin, saboda suna mai da kowace hulɗa ta zama ta nawa ne. Ke nan shariyar da ɗan birni ke yi ba lalle ba ne ta zama mugunta. Garkuwa ce, sai dai wanda aka kare kai daga gare shi ba ya jin ta a haka.

Za a rufe wannan sashe da zanen Edward Hopper na Amurka, na 1942, wanda ya nuna wani ɗan gidan abinci a kan kwana da tsakar dare. Titi wayam, fitila ta haske cikin shagon ta bayan wani makeken gilashi, masu saye uku da mai sayarwa ɗaya, ba wanda ke magana da wani. Masu nazari sun daɗe da lura cewa ba a ganin ƙofar da ke fita titi a zanen. Bahaushen da ya dubi wannan zai tuna da teburin mai shayi, kuma zai ga bambancin nan take. Teburin mai shayi ba shi da bango balle ƙofa, kuma da wuya mutum ya gama kofi guda a kansa ba a jawo shi cikin gardamar siyasa ko ta ƙwallo ba.

Daga Kabo zuwa Kabuga

Ƙasar Kabo da Gwarzo ƙasar noma ce: dawa da gero da masara da gyaɗa da wake. Damina ba ta wuce wata 4 zuwa 5, sauran shekara kuwa, in ban da mai fadama ko mai lambu a bakin dam, hannu yakan zauna ba aiki. Daga nan al'adar cin rani ta samo asali, kuma ta girmi zuwan Turawa. Mutum yakan bar gida bayan kaka don ya rage wa rumbu baki, ya nemo na sutura da na aure da na taki, ya komo kafin shuka. Abin da ya sake shi ne birnin da ake zuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya masana'antu suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum kusan 300,000. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 na birnin da kewayensa sun haura miliyan 2 da rabi, alhali ƙaramar hukumar Kabo gaba ɗayanta ba ta wuce wajen 154,000 ba. Wannan kumburi bai gaza na Barlin ta zamanin Kirchner ba.

Mai zuwa daga Kabo yakan biyo hanyar Gwarzo, ya wuce Rimin Gado da Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya iso Kabuga. Tafiyar ba ta da nisa, amma abin da ya bari a baya yana da yawa, kuma babbansu ita ce gaisuwa. A garinsu ba ya iya zuwa masallaci daga gida ba tare da ya tsaya sau da yawa ba: a tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da jikin tsohuwa, shi ma ya tambaya. Kowa ya san ɗan gidan wane ne, an san laƙabin da kakarsa ta sa masa, an san gonar da ya gada da wadda ya jinginar. Wani lokaci wannan sani yakan yi masa nauyi, domin ba shi da inda zai ɓoye talaucinsa ko kuskurensa, kuma akwai samarin da wannan nauyi ne ma ke kora su birni. Amma ko kusa ba ya shakkar cewa akwai shi.

Da ya sauka a birni, abu na farko da yake rasawa shi ne sunansa. A Kantin Kwari ko kasuwar Singa ko Dawanau ɗan dako ne. A unguwa mai ruwa ne, ko mai yankan farce, ko mai wankin hula, ko maigadi. Ana ƙwala masa kira da sunan abin da ke kansa ko abin da yake turawa, wani ma ya ce masa yaro ko da furfura a gemunsa. Idan ya zarce Ikko ko Fatakwal, sai a haɗa shi da duk wani ɗan Arewa a kira su aboki, kalmar da a can ta tashi daga ma'anarta ta zumunci ta koma ta raini. Ya sauke kaya, a miƙa masa kuɗi, hulɗa ta ƙare a nan. Wanda ya biya shi ba ya bin sa gaisuwa, gobe in sun haɗu ba zai gane shi ba. Kirarin birnin ma bai ɓoye masa komai ba: Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Wannan shi ne daidai abin da Kirchner ya nuna da ya buga mazan titinsa da hatimi ɗaya, shi ne kuma abin da Simmel ya faɗa game da kuɗi.

Amma daga nan hanya ta rabu. Mutumin Munch da ya ba da baya, ɗaki zai koma ya rufe ƙofa shi kaɗai. Ɗan cin rani kuwa da wuya ya kwana shi kaɗai. Tun kafin ya baro gida ya san wurin wanda zai sauka. Da dare zai koma shago ko kango ko rumfar da 'yan garinsu suke kwana, su haɗa kuɗin tuwo, su yi adashi, wanda ya je gida ya dawo ya ba da labarin wanda ya rasu da wadda aka sa wa rana. A nan sunansa yakan dawo masa. Wannan tsari tsoho ne, shi ne na fatake da mai masauki, kuma Abner Cohen ya bayyana irinsa dalla-dalla a littafinsa na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda maigida ke saukar da baƙin 'yan kasuwar shanu da goro, ya ci da su, ya tsaya musu. Ke nan zaman baren Bahaushe na rana ne. Da hantsi yana cikin zanen Kirchner, bayan lisha kuma yana Kabo, ko da yake a kan kwali yake kwance a bakin kantin wani. Duk mai son ya zana shi da gaskiya sai ya nemi dabarar da za ta ɗauki waɗannan fuskoki biyu, abin da ba a buƙata ba a Barlin.

Sai dai wannan garkuwa tana da inda ta dogara, watau zaure. A tsohon ginin Bahaushe zaure shi ne wurin da titi da gida suke haɗuwa. Ba na cikin gida ba ne sosai, ba kuma na waje ba ne. Almajiri da gardi da matafiyi suna iya kwana a ciki, a miƙo musu tuwon dare ba tare da an tambayi asalinsu ba. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai masu hali suka koma ginin siminti mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, baƙon da dā zai kwana a zaure ya zama wanda ake biya ya tsare ƙofar. A daidai lokacin ne kuma farin 1972 zuwa 1974 ya koro mutane da yawa daga karkara, kayan masarufi suka yi tsada, sana'o'in da gardawa ke yi da rani, kamar ginin ƙasa da ɗinkin hannu, suka fara ja da baya. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan Kano, ya danganta wannan yanayi da yadda Muhammadu Marwa Maitatsine ya sami mabiya a cikin samarin da suka zo daga ƙauye. Rikicin da ya ɓarke daga 'Yan Awaki a Disambar 1980 ya ci rai 4,177 bisa ƙidayar hukuma. Ba a cewa zaman bare shi kaɗai ya jawo wannan, domin akwai dalilan aƙida da na sakacin hukuma. Amma mutumin da birni ya ƙi kallo yana da saurin amsa kiran duk wanda ya kira shi da sunansa, ya ba shi wurin kwana. Gidan abincin Hopper marar ƙofa bai yi nisa da gidan da ba shi da zaure ba.

Su wa suka zana namu titin?

A Afirka, wanda ya fi kusa da wannan jigo shi ne Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu. Ya zauna a Sophiatown, unguwar baƙaƙe a Johannesburg, daga 1938, kuma zanensa na wani titin unguwar mai gidaje ruwan ɗorawa, wanda gidan ajiye zane na birnin ya saya a 1940, shi ne na farko da gidan ya saya daga hannun baƙar fata. Titin Sekoto yana da ɗumi, rana na haska shi, mutanensa na gida ne. Zaman bare sai a wurin aiki yake bayyana, kamar a zanensa na 1947 inda leburori suka yi sahu, kowa ya ɗaga diga lokaci guda, fuskokinsu ba sa rarrabuwa, Bature mai duba aiki yana tsaye gefe da lofe a baki. Wannan rabuwa ta unguwa da wurin aiki ita ce ta fi kama da ta ɗan cin rani. Gwamnatin wariyar launin fata ta fara rushe Sophiatown a 1955. Shi kuwa Sekoto ya tafi Faris tun 1947, bai sake komawa gida ba har ya rasu a 1993.

A nan ƙasar, ɗaya daga cikin cibiyoyin zanen zamani a Arewa take. A 1955 aka mai da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce su haɗa dabarun da Turawa suka koya musu da fasahar gargajiyar ƙabilunsu. Lokacin na neman 'yancin kai ne, saboda haka damuwarsu ita ce su nuna cewa Afirka tana da nata asali, sai yawancinsu suka fuskanci tatsuniya da al'ada da bukukuwa. Jimo Akolo, wanda ya yi karatu tare da su, ya shahara da zanen mahaya dawaki da makaɗan Arewa. Nwoko ya matso kusa da jigon a zanensa mai suna Nijeriya a 1959, inda jami'an Turawa ke zaune a gaba cikin gajiya, baƙaƙen masu tsaronsu suna tsaye a baya, duhu ya kusa haɗiye su. Amma wannan zaman bare ne na mulkin mallaka, ba na titi ba.

Har yau abin da aka fi gani a bangon otal-otal da ofisoshi idan an ce zanen Kano shi ne hawan salla, da marinar Ƙofar Mata, da 'yar Fulani da ƙwaryar nono. Dalilin a fili yake: mai saye shi ke zaɓen abin da zai rataya, kuma ba kowa ke son ya ga ɗan garuwa a falonsa ba. Abin lura kuma shi ne, maginan gargajiya sun riga masu fenti karɓar birnin zamani. A bangayen gidajen Zariya, waɗanda Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansu a 1963, an sami keke da mota da agogo a cikin zayyana tare da dagi. Sai dai su alamun arziki ne da maigida ke alfahari da su. Kayan birni sun hau bango, mutumin da ke ɗaukar su a ka bai hau ba.

Aikin da fenti bai yi ba, harshe ne ya yi shi, amma da wata murya daban. Adabin Hausa ya daɗe yana kallon bariki a matsayin wurin lalacewa. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa a kan giya, ya yi a kan karuwa, duka da harshen wa'azi da tsoratarwa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi na wajajen 1960 sun bi wannan hanya wajen sukar halayen zamani. Littafin Abdulƙadir Ɗangambo, Kitsen Rogo, na ƙarshen shekarun 1970, labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya nufi birni ya faɗa cikin miyagun abokai, sunan littafin kansa ya riga ya yanke hukunci a kan abin da birni yake. Waɗannan ayyuka suna da daraja, kuma gargaɗinsu ba ƙarya ba ne. Rauninsu a kan wannan jigo shi ne sun fi tambayar me baƙo ya aikata a birni, ba su cika tambayar me birni ya yi masa ba. Idan aka ajiye karuwar Mu'azu Haɗeja kusa da matan Kirchner za a ga tazarar. Ɗaya ana nuna ta da yatsa don a guje ta. Sauran an tsai da su a tsakiyar titi, mai kallo yana cikin masu tsallakowa, ba shi da tudun da zai hau ya yi hukunci. A cikin mawaƙan baka, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ya fi kusa da idon mai zane. Da ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya tsai da hankalin jama'a a kan mutumin da kullum suke gani a bayan babbar mota ba su taɓa tambayar sunansa ba.

Akwai wani sauyi da ke gudana wanda zai iya matso da titin Kano kusa da na Barlin fiye da dā. Cin rani ya ginu ne a kan komawa. Muddin akwai gonar da ke jiran mutum, zaman barensa na 'yan watanni ne, hadarin farko na haɗowa zai ɗaure kaya. Amma gona tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado, taki yana tsada, wanda rabonsa bai kai ya ci da shi wata 3 ba kuwa ba shi da dalilin dawowa shuka. Irin wannan yakan fara da tsallake damina ɗaya, sa'an nan ya kama hayar ɗaki a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki, ya ɗauko matarsa. Titin da yake nema a kai shi ma yana sakewa. A 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano, sana'ar da ta riƙe dubban samarin ƙauye, kuma a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Kabuga, inda mota ke wucewa ba ta tsayawa balle mai talla ya matso. 'Ya'yan wannan mutum a birni za a haife su. Kabo a wurinsu garin kaka ne da ake zuwa da salla, inda tsofaffi ke riƙe hannunsu suna tambayar ɗan wane ne wannan. A unguwar da suka tashi kuma har yanzu ana ce da ubansu mai ruwa.